Kasuwar 'yan wasa: shin wanda ya fi zuba kuɗi shi ke ɗaukar kofi?

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan ƙwallo a Turai, musu ɗaya ne ke dawowa tsakanin magoya baya: wace ƙungiya ce ta fi yin cefane, wace ce kuma ta naɗe hannu tana kallo? Kafin a taɓa ƙwallo wasu sun gama raba kofuna da baki. Wanda ƙungiyarsa ta sayo ɗan wasan fam miliyan 100 sai ya riƙa buɗa kafaɗa, wanda tasa ba ta motsa ba kuwa ya shiga zargin masu ita da rowa. To adadin nan da ake jifan juna da shi, me yake nunawa a zahiri? Yana iya faɗa mana yadda kaka za ta ƙare?

Liverpool kaɗai ta isa ta sa mutum ya yi taka-tsantsan da amsa. A bazarar 2024 ɗan wasa ɗaya tak ta ƙara a tawagarta, Federico Chiesa, shi ma bai buga wani abin kirki ba, amma ta ɗauki Gasar Firimiya da maki 84. Da bazara ta zagayo, ƙungiyar nan dai, da masu ita da kocinta Arne Slot, ta kashe sama da fam miliyan 400, ciki har da miliyan 125 a kan Alexander Isak na Newcastle, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba a Ingila. In shekarar farko rowa ce, ta biyun mene ne sunanta?

Abin da ake saya a wannan kasuwa

Ɗan wasa ma'aikaci ne da ya sa hannu a kwantiragi na wasu shekaru. Kuɗin da sabuwar ƙungiya ke biya diyya ce ga tsohuwar, domin ta yarda a warware kwantiragin kafin wa'adinsa, a mayar da rajistarsa can. Shi ma sai ya amince, sai an daidaita da shi kan albashi, sai ya tsallake gwajin lafiya. Ko ƙungiyoyin biyu sun tafa, in ya ce ba ya zuwa, ciniki ya watse.

Da can ba haka abin yake ba. Ko kwantiraginka ya ƙare, ƙungiyarka na iya riƙe ka har sai an biya ta. Wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, kwantiraginsa ya ƙare a Liège a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, ciniki ya ƙi faɗawa, aka kuma zaftare masa albashi. Ya kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya a watan Disambar 1995. Tun daga ranar, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya inda ya ga dama ba tare da an biya ko sisi ba. Wannan hukunci ne ya mayar da farashin ɗan wasa kamar ƙanƙara a rana: kowane wata da ya wuce yana narkewa. Mai sauran shekara huɗu a hannun ƙungiyarsa yake, ita ke yanka farashi. Mai sauran shekara ɗaya kuwa shi da wakilinsa ke juya akalar. PSG ta birnin Paris ta biya Monaco yuro miliyan 180 a kan Kylian Mbappé, a 2024 ya tafi Real Madrid ba ta karɓi komai ba. Manchester United ta ba Juventus fam miliyan 89 a kan Paul Pogba a 2016, bayan shekara shida ya koma can a kyauta.

Akwai kuma farashin da ake gindayawa a cikin kwantiragi, wanda duk mai iya biyansa zai ɗauki ɗan wasan ko ƙungiyarsa ba ta so. A Sifaniya kusan kowane kwantiragi na ɗauke da shi. Barcelona ta rubuta yuro miliyan 222 a na Neymar tana ganin ta toshe ƙofa, sai ga PSG ta ƙirgo kuɗin a 2017. Bayan wannan ne Barcelona ta koma rubuta biliyan ɗaya a kwantiragin irin su Pedri. Su kuwa Arsenal a 2013 sun ji ƙishin-ƙishin cewa akwai irin wannan sharaɗi na fam miliyan 40 a kan Luis Suárez, suka taya shi miliyan 40 da fam ɗaya. Liverpool ta ƙi sallamawa, tayin ya zama abin ba'a har yau.

Me ya sa adadin da ke kanun labarai yake yaudara

In aka ce an sayi wane fam miliyan 80, ba wai an ɗauki miliyan 80 an miƙa ba ne a rana ɗaya. Yawanci kashi-kashi ake biya, cikin shekara uku ko huɗu. Sau da yawa kuma wani ɓangare na kuɗin tsarabe-tsarabe ne da ba za a biya ba sai ɗan wasan ya buga wasanni kaza, ko ƙungiyar ta ci kofi. Mai sayarwa yakan ambaci adadin da tsarabe-tsarabe a ciki don magoya bayansa su huce, mai saye kuma ya ambaci adadin da babu su don a ce ya iya ciniki. Shi ya sa za ka ga ciniki ɗaya da farashi biyu. Florian Wirtz misali ne: fam miliyan 100 ne tsabar kuɗin, yana iya kaiwa 116.

Sannan ga abin da ba a cika faɗa ba, wato albashi da la'adar wakilai. Ƙungiyoyin Firimiya sun biya wakilan 'yan wasa sama da fam miliyan 400 a cikin shekara ɗaya, daga Fabrairun 2023 zuwa Fabrairun 2024. Wanda aka ce ya zo "a kyauta" ma ba kyauta ba ne, don kuɗin da ba a ba tsohuwar ƙungiyarsa ba yakan koma kuɗin sa hannu da albashi mai kauri.

Amma abin da ya fi komai muhimmanci, kuma mafi yawan masu musu ba su san da shi ba, shi ne yadda akanta ke rubuta cinikin. Farashin ɗan wasa ba ya shiga littafi gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi. Rarraba shi ake yi a kan shekarun kwantiragi. A ƙaddara an sayi ɗan wasa fam miliyan 80 a kwantiragin shekara biyar. A littafi, miliyan 16 yake ci duk shekara. In albashinsa fam dubu 200 ne a mako, wannan ya ƙara miliyan 10 da ɗoriya. Ke nan nauyinsa na shekara ya haura miliyan 26. Bayan shekara biyu, darajarsa a littafi ta sauko miliyan 48. In aka sayar da shi miliyan 50, mai kallo zai ce an tafka asarar miliyan 30, akanta kuwa ribar miliyan biyu zai rubuta.

Da wannan lissafi Chelsea ta ruɗa kowa bayan Todd Boehly da abokan hulɗarsa sun saye ta a 2022. Cikin kasuwanni uku ta kashe kimanin fam biliyan ɗaya, ana ta tambayar yadda doka ta ƙyale ta. Dabarar ita ce dogon kwantiragi. Enzo Fernández ya zo daga Benfica a Janairun 2023 a kan kusan fam miliyan 107, aka ba shi shekara takwas da rabi. Maimakon ya ci miliyan 21 a shekara, sai ya ci ƙasa da 13. Haka aka yi wa Mykhailo Mudryk. Abokan hamayya suka yi ƙorafi, hukumar ƙwallon Turai UEFA ta ce daga Yulin 2023 ba za a rarraba farashi a kan fiye da shekara biyar ba, komai tsawon kwantiragin, Firimiya ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar. Dabarar dai tana da ƙaya ko ba a hana ba: in ɗan wasan bai yi abin da ake zato ba, ka ɗaure kanka da albashinsa na shekara takwas.

Dalilin da ake sayar da 'yan gida

Lissafin yana da wata fuska mai ɗaci. Sayayya rarraba ta ake yi, amma ribar sayarwa nan take take shiga littafi. Yaron da ƙungiya ta raina tun yana ƙarami ba a saye shi ba, don haka darajarsa a littafi sifili ce, duk abin da aka samu a kansa tsantsar riba ne. Sayar da ɗan gida fam miliyan 30 na iya ɗaukar nauyin shekarar farko ta baƙi biyu masu tsada. Wannan ne ya fitar da Mason Mount da Conor Gallagher daga Chelsea, ba don magoya baya sun gaji da su ba.

A Ingila yawancin ƙungiyoyi ranar 30 ga Yuni suke rufe littafin shekara, saboda haka ranar ta zama wata ƙaramar ranar rufe kasuwa. A ƙarshen Yunin 2024 Newcastle, wadda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke da mafi yawanta, sai da ta sayar da Elliot Anderson ga Nottingham Forest da Yankuba Minteh ga Brighton a gaggauce don kada ta faɗa tarko. A watan ne Aston Villa da Everton suka sayi matasan juna, Villa da Chelsea ma haka, kowa ya rubuta riba. Ba laifi ba ne a doka, amma kowa ya gane wasan. A Italiya irin wannan ya wuce gona da iri, har aka cire wa Juventus maki 10 a 2023 kan kumbura darajar 'yan wasa a cinikin musaya.

Inda gaba ke shiga ciniki

Da lissafi ne kaɗai, da kasuwar ba ta da armashi. Abin da ke hura mata wuta shi ne cewa ɗan wasan da ka samu, abokin hamayyarka ya rasa shi.

Babu cinikin da ya nuna haka kamar na Luís Figo. A shekarar 2000 Florentino Pérez yana neman shugabancin Real Madrid, ya yi wa masu zaɓe alkawarin zai kawo gwarzon Barcelona. Ya ci zaɓe, ya biya farashin da aka gindaya, kimanin yuro miliyan 60, mafi tsada a duniya a lokacin. Da Figo ya koma Camp Nou, filin Barcelona, a 2002, cikin abubuwan da aka jefe shi da su har da kan alade. Real ta samu ƙwararren ɗan wasa, amma rabin ribar ita ce raunin da ta yi wa maƙiyiyarta. Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, ya tsallaka Arsenal a kyauta a 2001, har gobe ba a yafe masa ba a wancan ɓangaren na arewacin Landan. Da Carlos Tevez ya bar Manchester United ya koma Manchester City a 2009, City ta kafa ƙaton allo a cikin gari da hotonsa tana yi masa maraba da zuwa Manchester, tsokana ƙarara. A Jamus, Bayern ta ɗauke Mario Götze daga Dortmund a 2013, Robert Lewandowski a 2014, Mats Hummels a 2016, duk a shekarun da Dortmund ce babbar barazanarta.

Shi ya sa ƙungiyoyi ke ƙyamar sayar wa maƙwabci, kada su sayar da akuya ta dawo tana ci musu danga. Arsenal ta sallama Robin van Persie ga United a 2012 saboda saura masa shekara ɗaya. Ya ci ƙwallo 26 a gasar, United ta ɗauki kofinta na 20. Barcelona ta kori Suárez a 2020 don rage albashi, ya tafi Atlético Madrid kusan a banza, ya ci 21, Atlético ta lashe La Liga.

Sai shigar sauri, wato wata ƙungiya ta sha wahalar zawarci, wata ta riga ta masallaci. Labarin John Mikel Obi na cikin mafi rikitarwa. A 2005 United ta sanar da ta ɗauke shi daga Lyn ta Norway, har an ɗauke shi hoto da rigarta, Chelsea ta ce da ita aka fara magana. Sai a 2006 aka sasanta: Chelsea ta ba United fam miliyan 12, ta ba Lyn miliyan huɗu. United ta ci riba a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ba. Willian ya gama gwajin lafiya a Tottenham a 2013, ya ƙare a Chelsea. A 2025 Tottenham ta kusa kammala cinikin Eberechi Eze, Arsenal ta shigo ta ɗauke shi.

Wanda ke dariya a irin wannan shi ne mai kaya. Brighton ta sayo Moisés Caicedo daga Ekwado a 2021 kan abin da bai kai fam miliyan biyar ba. A Agustan 2023 Chelsea ta daɗe tana jan ƙafa a kan farashi, kwatsam Liverpool ta taya miliyan 111, Brighton ta sallama. Yaron ya ce shi Chelsea yake so, dole Chelsea ta haura zuwa miliyan 115. Tayin Liverpool bai kawo mata ɗan wasan ba, amma ya sa abokiyar hamayyarta ta biya abin da ba ta yi niyya ba. Ƙungiyoyi irin su Brighton, Benfica, Porto, Ajax da Dortmund a kan wannan gabar suke rayuwa: su sayo da araha, su jira manya su fara kokawa.

Daga ina kuɗin ke fitowa

Hanyoyi uku ne sanannu: kuɗin haska wasa a talabijin, kuɗin tallace-tallace da masu ɗaukar nauyi, da kuɗin shiga fili. A na farko Ingila ta yi wa kowa fintinkau. Yarjejeniyar cikin gida ta Firimiya ta shekara huɗu da ta fara a 2025 fam biliyan 6.7 ce, ban da abin da ake samu daga ƙasashen waje. Ƙungiyar da ta ƙare a ta ƙarshe tana tashi da sama da fam miliyan 100. Da haka ne matsakaiciyar ƙungiya a Ingila ke iya ƙwace ɗan wasa daga hannun tsofaffin zakarun Italiya ko Faransa, kuma da haka ne jimillar cefanen Firimiya ta haura fam biliyan uku a bazarar 2025.

Hanya ta huɗu ita ce aljihun mai ƙungiya. Roman Abramovich ya buɗe wannan babi a Chelsea a 2003. Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi City a 2008, a ranar da aka ƙulla cinikin aka sayo Robinho daga Real Madrid. Qatar ta shiga PSG a 2011, Saudiyya ta shiga Newcastle a 2021. Daga 2023 kuma ƙungiyoyin Saudiyyar kansu suka zama masu saye, suka kwashi Cristiano Ronaldo, Benzema, Neymar, Mané, Mahrez da Kanté. Ga manyan Turai wannan ya zama wata kasuwar da za a sauke masu nauyin albashi.

Dokokin kashe kuɗi: wa suke karewa

UEFA ta fara aiwatar da dokar daidaita kashe kuɗi a 2011. Yanzu ƙa'idarta ita ce albashi da rarrabben farashin 'yan wasa da la'ada kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. A Firimiya, dokar da ta yi shekaru tana aiki ta ce kada asara ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. An daɗe ana ɗaukarta kamar kurarin banza, sai a Nuwamban 2023 aka cire wa Everton maki 10, aka rage zuwa shida bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire mata biyu. Forest ta rasa huɗu. Hujjar Forest ita ce da ta sayar da Brennan Johnson kafin 30 ga Yuni da ta tsira, amma ta jira zuwa Satumba don ta samu farashi mafi kyau. Wato dokar ta hukunta ta saboda ta ƙi karyar da kayanta.

La Liga ta fi tsauri, domin tun kafin kaka take yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a kan tawaga. Wanda ya wuce ba zai yi wa sabon ɗan wasa rajista ba, ko da ya biya kuɗinsa. Wannan ne ya raba Messi da Barcelona a Agustan 2021, alhali ya yarda a rage masa rabin albashi.

Masu goyon bayan dokokin suna da hujja mai ƙarfi. Leeds ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai a 2001 da kuɗin bashi, tana sa ran za ta riƙa shiga gasar duk shekara. Ba ta shiga ba. A 2004 ta faɗi daga Firimiya, a 2007 ta gangara mataki na uku. Portsmouth ta ci Kofin FA a 2008 da ƙwallon Nwankwo Kanu, bayan shekara biyu ta kasa biyan basussuka, aka cire mata maki tara. Attajiri na iya gajiya ya kama gabansa, ƙungiya da garinta su ne ke zama da bashin.

Masu suka kuwa suna cewa tun da an ɗaure kashewa da kuɗin shiga, wanda ya riga ya yi arziki shi zai ci gaba da fin kowa. Real Madrid da kuɗin shigarta ya haura yuro biliyan ɗaya a kakar 2023/24, kashi 70 nata ba ɗaya ba ne da na Villa ko Newcastle. Chelsea da City sun hau kafin a janye tsani, na baya kuma an ce su bi a hankali. Ga kuma zargin son kai: a Fabrairun 2023 Firimiya ta tuhumi City da karya dokoki har 115, City ta musanta duka, sai a Satumban 2024 aka fara sauraron shari'ar, bayan ƙananan sun daɗe da shan nasu hukuncin. A ganina duk ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Dokar tana hana ƙungiya kashe kanta, tana kuma tsare wa manya kujerunsu. Ra'ayin mutum a kanta yawanci ya danganta ne da rigar da yake sawa.

To, kuɗi na sayen kofi?

In aka duba shekaru da yawa, masana tattalin arzikin wasanni sun daɗe da gano cewa jimillar albashi ta fi kuɗin cefane nuna inda ƙungiya za ta ƙare a teburi. Dalilin a fili yake. Albashi yana auna darajar duk tawagar da kake da ita, cefanen bazara kuwa yana auna giɓin da kake ƙoƙarin cikewa ne kawai. Wani lokaci yawan sayayya alama ce ta ɓarnar da aka yi a baya. Bayern ta ci Bundesliga sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, City ta ci Firimiya huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Babu mai cewa talauci ne ya kai su nan. Kuɗi shi ne tikitin shiga sahun masu neman kofi.

Amma a cikin sahun, kowa na da kuɗi. United ta kashe fiye da fam biliyan ɗaya bayan ritayar kocinta Alex Ferguson a 2013, a kakar 2024/25 ta ƙare a ta 15. Chelsea, a kakar farko ta sababbin masu ita, ta 12 ta yi, ko da yake a 2025 tawagar ta ci kofin duniya na ƙungiyoyi. PSG ta tara Messi da Neymar da Mbappé ba ta samu Kofin Zakarun Turai ba, sai bayan duk sun tafi ta lallasa Inter 5-0 a wasan ƙarshe na 2025.

Darasi mafi kyau yana cikin kuɗin Neymar. Barcelona ta karɓi miliyan 222, duniya ta san aljihunta cike yake kuma a matse take, kowa ya ninka mata farashi. Ta zuba su a kan Ousmane Dembélé da Philippe Coutinho, ta ƙara da Antoine Griezmann a 2019, kowannensu sama da yuro miliyan 100. A 2021 shugabanta Joan Laporta ya ce ana bin ta yuro biliyan 1.35. Shekarar da ta biyo baya sai da ta sayar da kashi 25 na kuɗin talabijinta na La Liga na shekara 25 masu zuwa kafin ta iya komawa kasuwa. Ita kuwa Liverpool da ta karɓi kuɗin Coutinho, ta san inda ke mata ƙaiƙayi: ta ɗauki Virgil van Dijk a baya da Alisson a raga, ta ci Kofin Zakarun Turai a 2019, Firimiya a 2020. Kuɗi ɗaya ne ya bi ta hannu biyu.

Leicester da ta ci Firimiya a 2016, da Vardy na fam miliyan ɗaya da Mahrez da bai kai rabin miliyan ba, takan zo a bakin masu cewa kuɗi ba komai ba ne. Sai dai a tuna abin da ya biyo baya: nan take Chelsea ta ɗauke Kanté, daga baya City ta ɗauke Mahrez. Leverkusen ta ci Bundesliga a 2024 ba a doke ta ba, shekara ɗaya bayan nan kocinta Xabi Alonso da Wirtz da Frimpong da Tah duk sun watse. Ƙarama na iya ci sau ɗaya, riƙewa ne ke buƙatar aljihu.

Abin da ya shafi mai kallo

Duk wannan kuɗi daga jikin wani yake fita. Kamfanin talabijin da ya biya biliyoyi a wajen masu kallo zai fanshe, haka mai sayar da riga. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga fili a minti na 77 don ƙin tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye. A United, bayan shekaru na cefanen da bai yi albarka ba, ma'aikata 250 aka sallama a 2024, mutanen da albashinsu na shekara bai kai na mako ɗaya na wasu masu zaman benci ba. Tazarar ma sai faɗaɗa take yi: a kakar 2023/24 da 2024/25, duk ƙungiyoyi ukun da suka hau Firimiya su ne suka koma. Yunƙurin da ƙungiyoyi 12 suka yi a Afrilun 2021 na kafa gasar kansu da ba a faɗuwa a cikinta, wanda boren magoya baya ya rusa cikin kwana biyu, daga wannan tseren kashe kuɗi ya samo asali.

In za a yi hasashen kaka

Maimakon tambayar nawa aka kashe, gara a tambayi wa ya tafi, kuma wanda ya zo gurbin da ke yoyo ya toshe ko ado ne aka ƙara. A duba ko kocin da ya nemi ɗan wasan yana nan, don sau tari akan kori koci a bar wa na gaba kayan da bai ce yana so ba. A duba yaushe ɗan wasan ya iso, domin wanda ya zo a daren rufe kasuwa bai yi atisayen share fage da abokansa ba. Sababbi bakwai a lokaci ɗaya sai sun ɗauki watanni kafin su san gudun juna. Tottenham ba ta sayi kowa ba a bazarar 2018, a kakar ta kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai.

Akwai kuma abin da ba a saya a kasuwa. City ta shiga kakar 2024/25 da kofi huɗu a jere, kusan kowane mai hasashe ita ya ba. A watan Satumba Rodri ya ji rauni a gwiwa a wasansu da Arsenal. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Disamba wasa ɗaya ta ci cikin 13. Da aka buɗe kasuwar Janairu ta zuba kimanin fam miliyan 180 a kan Marmoush da Khusanov da Vitor Reis da Nico González. Ta ƙare a ta uku, da tazarar maki 13 tsakaninta da Liverpool ɗin da ba ta ƙara kowa a tawagarta ba sai Chiesa.